Bakano da Sandar Tsuwwa a Fadan Kaje

Bakanona,

Ranar da ka bugo waya ka ce kana tafe Kudancin Kaduna da wata harka mai tsoka, citta na kawo a raina. Bakano ba ya hawa mota ya wuce Kaduna, ya wuce Kachiya, sai ya jiyo ƙanshin riba, ribar da muka sani a nan kuwa a buhu take. Har na fara yi maka cigiyar dillali mai amana. Sai ga ka ka sauko a tashar Zonkwa ba buhu ba sikeli, sai wata doguwar sanda mai faifai a baki, da abin toshe kunne irin na matuƙin jirgin sama, da ɗan shebur rataye a kafaɗa. Yaran tasha suka ɗauka mai feshin sauro ne ya zo.

Ka ce sunanta na'urar gano ƙarfe, da ita za ka tono kayan yaƙin da sojojin Turawa suka bari a ƙasa: kwanson harsashi, maɓallan kaki, takubba, wataƙila ma igwa sukutum. Akwai masu saye a Turai, in ji ka, kuma da dala suke biya.

Na san inda cutar ta kama ka, a waya ce. Ka kalli Turawan nan masu yawo a gonaki har ka ci karo da labarin Terry Herbert, mutumin Ingila da ya yi shekara da shekaru yana shawagi da irin wannan sanda, sai a 2009 ta yi masa tsuwwa a wata gona a yankin Staffordshire, aka fito da zinariya fiye da kilo 5, akasarinta adon takubban mutanen da. Aka yi mata kuɗi fam miliyan 3 da ɗoriya. Daga nan lissafinka ya tsaya. Ba ka ƙarasa jin cewa sai da ya nemi izinin mai gonar ba, kuma raba kuɗin aka yi biyu, rabi nasa rabi na manomin. Kunnen Bakano in aka zo kan rabo sai ya toshe, ko ba abin matuƙin jirgi.

Washegari da sassafe ka nufi Fadan Kaje. Na san za ka ce Bazazzage bai san bambancin "ya" da "ta" ba, to yau na kiyaye: na'urarka ta yi kuka, kai kuma ka yi asara. Tun daga bakin hanya ta fara. Taku ɗaya tsuwwa, taku biyu tsuwwa, kai kuma sai washe baki kake kana cewa ƙasar nan cike take da dukiya, mutanenta ne ba su sani ba. Malam, ƙasar nan ja ce, marmara ce shimfiɗe, jan nan da kake gani kuwa ƙarfe ne Allah ya cakuɗa da ƙasa. Ita na'urar ba ido gare ta ba, maganaɗisu take turawa ƙasa, duk abin da ya amsa sai ta kwarma ihu. Ka kai mai jin ƙarfe ƙasar tama, kamar ka kai kare mahauta ne ka ce ya nuna maka inda nama yake.

Ba kanka farau ba, in hakan zai sanyaya maka rai. A 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, likitoci suka rasa inda harsashin ya maƙale. Aka kira Alexander Graham Bell, mutumin da ya ƙera tarho, ya zo da wata na'ura kakar taka. Ta yi ta ƙara ba a gane komai ba. Ashe gadon da shugaban ke kwance a kai mai wayoyin ƙarfe ne. Shi Bell gado ɗaya ya ruɗe shi. Kai ƙaramar hukuma guda ka hau.

Da idona na ga abin da ka tara, don a gabana aka zazzage jakar a ƙofar gidan mai unguwa. Murafen kwalba cikin tafi biyu. Gwangwanin madara da tsatsa ta mayar kamar rariya. Karyayyen bakin fartanya. Guntun sarƙar keke. Wani baƙin dunƙule mai nauyi da ka rantse ɓarin bam ne, wani dattijo ya juya shi a hannu ya ce kashin maƙera ne, daga inda kakanninsu suke narka tama. Sai ƙusar dogo guda, wadda da mai unguwa mugu ne da ita kaɗai ta isa ta kwana da kai a caji ofis, don tun da jirgi ya haɗa Kafanchan da Kaduna da Jos a 1927 ƙarfen layin nan na gwamnati ne, ko da jirgin ya daina zuwa. A ƙarshe anini ɗaya mai huda a tsakiya, ya yi kore. Shi kaɗai ne Bature ya taɓa, shi ma ba soja ba, ma'aji.

Abin da ya kai ka gaban mai unguwa kuwa, kunya ce. Kunyar doya har huɗu ka farke a gonar wata tsohuwa, ka tone kunya ka kwashi kunya. 'Yan banga suka hango baƙo yana taku ɗai-ɗai a gonar mutane, da waya a kunne da wani abu mai ƙara a hannu. A ƙasar da ta sha ganin tashin hankali ba a yi wa irin wannan gani dariya, sai bayan an bincika. Ka gode wa Allah masu haƙuri ka tarar. Ka kuma gode mini da na taka ƙafarka lokacin da ka buɗe baki za ka ce "ku Kaje". Sunan garin ne Fadan Kaje. Mutanen Bajju suke kiran kansu, harshensu Jju, sarkinsu Agwam Bajju yana Zonkwa. Wanda ya zo tonon tarihin mutane ya kamata a ce ya fara da sanin sunansu.

Wai ma wane yaƙi kake nema? Gaskiya ne a farkon zuwan Turawa sun sha turo sojoji kan mutanen duwatsun Kagoro da maƙwabtansu, amma 'yan tsiraru ne, su yi kwanaki su koma. Su kuwa masu gari kwari da baka gare su. Bakin kibiya bai kai ɗan yatsa kauri ba, ka haɗa shi da daminar Kafanchan sau ɗari da wani abu, ka gaya mini abin da zai rage. Kafin Turawa, dawakin Zazzau ne ke keta dajin nan, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba, kakannina ba zumunci ya kawo su ba, abin da suke kora gida har da mutane. Shi ya sa ni in na shiga ƙauyukan nan da sallama nake shiga, murya ƙasa-ƙasa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ta cikin jirgi ya ratsa nan, sojoji suna ɗaga wa 'yan tasha hannu a hanyarsu ta Makurɗi. Mai son ganin ƙarafansa sai ya tafi gidan tarihin yaƙi na Umuahiya.

In kwanson harsashin Bature kake so, ai ka baro shi a gida. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kanar Morland ya tsaya da igwa a bayan ganuwarku, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato, aka shiga ta Kabuga, a yini ɗaya aka gama da birnin da ake ce mana ko da me ka zo an fi ka. Je ka gwada sandarka a can, in masu filoti sun bar maka wurin taka ƙafa. Na san amsarka, za ka ce ku dai an yi harbi, mu a 1902 Sarki Kwasau da kansa ya nemi taimakon Turawa saboda Nagwamatse na Kwantagora. To, ai shi ya sa ban sayi na'ura ba. Mai ilimi ya san abin da babu a gonarsa.

Abin da ya fi ba ni dariya, na kwana ina juyi, shi ne ƙasar da ka zo tana da dukiya a binne da gaske, irin wadda Turai ke rububi, amma sandarka kurma ce a kanta, don yumɓu ce. Nok tana nan kusa, a ƙasar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da ɗan kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a can. A 1943 kuma, a wajen Jama'a, nan bayan Kafanchan, wani ma'aikacin kuza ya tsinci kai guda mai kyau, da idanu masu huda da gyaran gashi tsaf. Me ya yi da shi? Ya kai gonarsa ta doya ya kafa, ya yi shekara yana kora masa ɓarna. Daga baya aka kai shi Jos wurin Bernard Fagg, wanda ya lura da kamarsa da na Nok, ya kuma laƙaba wa al'adar duka sunan ƙauyen. Shi ne ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Kayan nan sun haura shekara 2,000. Tun daga 2005 masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka yi shekaru suna tono a yankin, da cokalin magini da buroshi, suna auna kowane taku suna rubutawa. Ka ga gonar doya ta taɓa fitar da abin da duniya ta girgiza. Taka gonar doyar bashi ta fitar.

Kada wannan ya sa ka jefar da sanda ka ɗauki diga. Tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, ba a tono sai da izininta, ba a fitar da kayan waje. Masu tonon dare sun riga sun yi wa ƙasar Nok illar da ba ta gyaruwa, sun bar ramuka da ɓaraguzai, kawunan suna can cikin gilashi a ƙasashen da ko doya ba a nomawa.

Maganar Kachiya kuma da na ji kana yi da direba, cire ta daga ranka. I, akwai makarantar atilare ta soja a can, akwai dajin da ake gwajin harbi. Amma ba kowane ƙwan igwa ke fashewa ranar da aka harba shi ba, wani yana kwance yana jiran mai shebur. A Faransa da Beljiyam har gobe garmar manoma na tono na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gama tun 1918, kuma ba mai kai shi gida, a bakin gona ake ajiyewa a kira masu kwance bam. Ina son in ci gaba da zolayarka da ƙafafunka biyu.

Saura abin da na san ba za ka faɗa a majalisarku ba. Bayan an kashe magana, tsohuwar mai doya ta kawo mana ruwa, ta ce, "Ɗana, wai me kake nema haka a ƙasa?" Ka ce kayan soja. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta shiga ɗaki ta jawo wata 'yar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta mahaifinta ce, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Bama a yaƙin Hitila, lokacin da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi ta fama da Japanawa a daji. Ta warware wani tsohon ƙyalle. Ga tauraron tagulla mai tsini shida, zarensa ya koɗe. Ga bajen hula mai hoton itacen kwakwa. Ga ɗan littafin sallama da gara ta ci gefensa. Ta goge tauraron da bakin zanenta kafin ta miƙa maka. Na ce maka sunayen barikin da kake wucewa kana gyangyaɗi, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga can dajin aka kawo su. Sandarka da ka jingine ba ka kashe ba ta zame ta faɗi kan akwatin, ta saki tsuwwar da sai da kaji suka watse. Gaskiyar da ta faɗa ke nan a yinin.

Na ga jikinka ya yi sanyi, har na fara tunanin ko an canza mini kai. Sai bakin ya buɗe da kansa: "Mama, nawa za ki sallama?" Ta karɓi tauraronta, ta naɗe, ta rufe akwati, ta ce, "Ɗana, biya kuɗin doya tukuna."

Ni na biya, kamar yadda ka sani, don ka ce kuɗinka duk suna cikin na'ura. Na kuma sayi goron ban haƙuri, na biya maka mota zuwa Kaduna. Ga Muharram na ƙaratowa, kuɗin sharar bara ma ba ka kawo ba. Haɗa duka ka aiko, kuma ban karɓar murfin kwalba. Aninin yana wurina jingina. Sandar kuwa da ka manta a zaurena ta sami aiki, jiya ta gano wa uwargida ɗan kunnenta a cikin shara.

Naka,
Ubangidanka Bazazzage, daga Kafanchan