Firi'am Ɗin da Ya Ci Shinkafar Azumi

Shekara biyu ina karanta littattafan Hausa ina ɗorawa a YouTube, kuma ƙorafin masu sauraro bai taɓa canzawa ba: "Malam, muryarka kamar daga cikin rijiya." Sai wani abokina mai situdiyo a Zoo Road ya ce firi'am kawai ya rage mini. Ya ce sautin da makirufo ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, firi'am ne ke ɗaga shi har ya isa a ɗauka, kuma makirufo irin nawa, wanda ba ya shan wutar bolt 48, yakan nemi wajen disibel 60 kafin ya buɗe baki sosai. Abin da bai faɗa ba, ko ya faɗa zumuɗi ya toshe mini kunne, shi ne jan akwatin Focusrite da ke kan teburina yana da nasa firi'am a ciki, har guda biyu.

Na lallaɓa na zari kuɗin da aka ware na buhun shinkafar azumi, na nufi Sabon Gari.

Daren farko na jona sabon firi'am a ramin makirufo na akwatin, wato na ɗora ƙarfi a kan ƙarfi. Da na yi sallama, sai na ji kaina kamar mai tallar maganin basir a tasha. Na kira abokina, ya yi dariya har da tari, ya ce in nemo wayar jak in bi ta ramin layi. Na yi. Sauti ya fito tas, har na yi hamdala.

Ashe tas ɗin nan ba ni kaɗai ya shafa ba. Na'urar ba ta san muryata ba, balle ta fifita ta. Duk abin da makirufo ya jiyo, shi take kumburawa. Ina tsakiyar wurin da jarumi ke roƙon budurwa ta yafe masa, sai akuyar maƙwabta ta amsa masa, a sarari, da shauƙi. Injin markaɗen bayan layi ya shigo babi na uku. Firij ɗinmu, wanda ban taɓa sanin yana da murya ba, ya riƙe amshi daga farko har ƙarshe. Rijiyar kuwa tana nan daram, don bangon siminti da tayil ne ke dawo da maganata, yanzu kuma da ƙarin ƙarfi. Wani ya rubuto yana tambaya ko akuyar za ta fito a kashi na biyu.

Na jingina katifa a taga, na rataya bargo a ƙofa, zufa ta kusa kashe ni. Daga ƙarshe, ƙarfe ukun dare, na shige cikin wadirof ɗin uwargida, tsakanin atamfofi da leshi, na matso da makirufo kusa da bakina. Wayar firi'am ba ta kai can ba, don haka da tsohon akwatina na ɗauka. Washegari yabo ya yi ta zuba: "Lallai Malam an sayi sababbin kayan aiki!"

Dare na biyu ina ciki, na kai wurin kuka, sai ƙofar wadirof ta buɗe. Uwargida ta haska ni da fitilar waya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban Ummi, ɗaga ƙafarka, ka taka mini mayafi. Kuma jibi za a fara duban wata, ina shinkafa?"