Yadda Ake Ɗaga Bayan Jif a Birnin Zazzau Ba a Saɓa wa Na Kujerar Baya ba

Jif, wato doguwar motar nan da aka ƙera domin ta bi kwalta ta kuma bi hanyar ƙasa, tana da wata ɗabi'a da masu ita a birnin Zazzau suka sani sarai, ita ce idan ta kwana biyu tana aiki sai bayanta ya fara zama, gabanta ya ɗaga, fitilunta su riƙa shiga idon mai tahowa da dare, ƙarƙashinta kuwa ya riƙa gaisawa da kowace kwalbati da ke tsakanin Ƙofar Doka da Babban Dodo. Tushen lamarin shi ne sifirin, wato ƙarfen da ke tsakanin gangar jikin mota da ƙafafunta, wanda yake ɗauke da nauyinta yana kuma shanye dukan da hanya ke yi mata. Da yake yawancin jif ɗin da ke yawo a nan sun yi shekaru a Amurka ko Turai kafin su shigo ta Legas ko Kwatano, sifirin ɗinsu ya riga ya gaji tun kafin ya ga daminar Zariya, saboda haka tunanin sauya shi da wanda zai ƙara wa motar tsayi tunani ne mai kyau, muddin an bi shi da lissafi.

Matakin farko shi ne mai mota ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, domin ba kowace jif ke zaune a kan abu iri ɗaya ba. Prado da 4Runner suna zaune a baya kan naɗaɗɗen sifirin, wanda makanikai ke kira koyil, a bisa aksil guda, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu; Hilux da Xterra suna amfani da sifirin mai falle-falle; Lexus GX 470 da wasu Prado kuwa jakar iska ce ke riƙe da bayansu, wadda idan ta tsufa takan yi yoyo motar ta wayi gari a gurfane. Su kuwa Highlander da RAV4 da CR-V kowace tayar baya cin gashin kanta take yi, kuma irinsu ba sa jure ɗagawa mai yawa, domin tayoyin kan karkace su cinye ta gefe guda.

Bayan haka sai a fahimci cewa tsayin sifirin daban ne, tsaurinsa daban, kuma a nan ne mafi yawan masu saye ke tuntuɓe. Masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana a shekarar 1678 cewa lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka aza masa, wato idan an ninka nauyi lotsawar ma za ta ninku, kuma a kan wannan ƙa'ida ake auna tsauri da yawan kilon da ake buƙata kafin sifirin ya lotsa milimita guda. Idan a misali kowane sifirin baya yana buƙatar kilo 4 kafin ya lotsa milimita 1, to su biyun suna buƙatar kilo 8, buhun masara biyu masu kilo 100 kowanne da aka aza saitin aksil za su zaunar da bayan motar da kimanin milimita 25. Tsaurin nan kuwa ya fi dogara ga kaurin waya, domin yana hauhawa ne da kaurin an ninka shi da kansa sau huɗu, ta yadda sifirin mai kaurin milimita 17 ya fi mai 16 tsauri da kimanin kashi 27 cikin 100 idan faɗinsu da yawan naɗinsu ɗaya ne, alhali ido ba zai raba su a kan teburin mai shago ba. Ana iya samun tsayi ta hanyar dogon sifirin mai laushi, ana kuma iya samunsa ta hanyar gajere mai tauri wanda ba ya lotsawa, motocin biyu za su tsaya kai ɗaya a ƙofar gida, amma bayan na ciki zai ba da labari iri biyu.

Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, wane kaya motar ke ɗauka a ranar Talata ta yau da kullum. Mai jif idan ya zauna lissafi yakan tuna da ranar da ya ɗauko raguna biyu na layya, da ranar da aka kai lefen ƙaninsa da akwatuna har rufi, da lokacin kaka da ya kwaso masara daga gonarsa ta wajen Giwa ko Soba, sai ya yanke hukuncin cewa motarsa motar kaya ce. Gaskiyar magana kuwa waɗannan ranaku ba su fi a ƙirga da yatsu ba a shekara, sauran kwanakin duka abin da ke bayan motar bai wuce yara uku da allunansu za su islamiyya ba, da kwandon cefane, da jakar maigida mai zuwa aiki Kongo ko Samaru. Kamfanonin Ostareliya da suka shahara a wannan sana'a, irin su Old Man Emu da Dobinsons da King Springs, sukan rarraba sifirin ɗinsu bisa nauyi, akwai na ƙaramin kaya, akwai na matsakaici, akwai kuma na nauyin dindindin kamar kilo 200 ko 400, kuma abin da suke nufi da dindindin shi ne kayan da ba a sauke su ko da daddare, kamar tankin ruwa da bamban ƙarfe da akwatunan kayan aiki. Rago ba ya cikin wannan rukuni, domin zamansa a but bai wuce na yini guda ba. Mai shago kuwa, da kyakkyawar niyya, zai ɗago mafi kaurin da yake da shi ya ce, "Alhaji, wannan ko siminti ka loda masa ba zai sunkuya ba," kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba siminti Alhajin zai kai asibitin Tudun Wada ba, mahaifiyarsa zai kai.

Abin da ke faruwa idan sifirin ya fi ƙarfin kayan da ke kansa shi ne, maimakon ya lotsa ya shanye rami, sai ya miƙa dukan kai tsaye ga wanda ke zaune a samansa, bayan motar ya riƙa tsalle kamar jakin da aka sauke wa mangala. Injiniyoyi suna auna wannan da yawan lilon da jikin mota ke yi a daƙiƙa, motocin da aka yi domin jin daɗin fasinja sukan tsaya tsakanin lilo 1 zuwa 1.5, kuma tun a shekarun 1930 injiniya Maurice Olley na kamfanin General Motors ya nuna cewa ya kamata baya ya ɗan fi gaba saurin lilo kaɗan, domin ya cim masa bayan an taka tudu motar ta sauka a daidaice. Direba ba shi ne alƙalin wannan shari'a ba, tunda yana zaune tsakanin tayoyin gaba da na baya inda girgiza ta fi sauƙi, ga sitiyari yana riƙe da shi. Alƙalan gaskiya suna kujerar baya: uwargida da ta kashe rabin sa'a tana ɗaurin ɗankwali, da surukar da ke fama da ciwon gwiwa, da yaron da aka ɗora wa kwanon fura a cinya aka ce ya riƙe da kyau. Dattijuwar Bazazzagiya ba za ta ce motar ɗanta ta lalace ba, kunya ba za ta bar ta ba, za dai ta ce a samo mata Keke Napep domin ba ta son ta wahalar da shi, kuma duk mai hankali ya san an riga an yanke hukunci.

Ga wanda kayansa ke sauyawa daga mako zuwa mako akwai sifirin mai tsauri hawa-hawa, wanda naɗinsa ya matsu a wani gefe ya buɗe a wani, yana da laushi idan mota ba kaya, yana ƙara tauri yayin da nauyi ke danne shi. Akwai kuma 'yar jakar iska da ake sakawa cikin koyil, a hura ta ranar ɗaukar masara a sace ta washegari. Ɗayan waɗannan biyu shi ya fi dacewa da gidan da ke cikin birni.

Game da yawan ɗagawa, abin da ya kama daga milimita 30 zuwa 50, wato kada ya wuce inci biyu, ya wadatar da duk wata buƙata da ke cikin ganuwa. Ya kamata a sani cewa a motar da ke da aksil guda sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa, kumburin nan na tsakiyar aksil, inda haƙoran da ke raba gudu ga tayoyi suke, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke iya ɗaga shi daga ƙasa. Ɗagawar tana da amfani na gaske a watan Agusta, lokacin da ruwa ke zaizaye bakin kwata ya bar gaɓa a mashigar lungu, domin tana hana bamban baya da salansa karce ƙasa. Amma lungunan Kwarbai da Ƙaura da Limancin Kona an shata su ne domin mai ƙafa da mai doki, matsalarsu ta faɗi ce, kuma babu sifirin da zai rage wa Prado ƙiba. Kowane inci da aka ƙara kuma yana ɗaga cibiyar nauyin motar, wato wurin da nauyinta ya tattaru, ya sa ta ƙara rinjaya a kwana, abin da ba a jinsa a gaban fada inda ake tafiya a hankali, amma yana iya zama sanadin kifewa idan aka kauce wa rami da gudu a hanyar Kaduna ko ta Kano. Sannan akwai batun hawa, domin matakin da saurayi zai tsallake bai lura ba, ga mace mai ɗaurin zani ko tsoho mai sanda aiki ne da ke buƙatar a dafa shi, wani lokaci har a ɗauko turmi a kifa.

Sifirin ba ya aiki shi kaɗai, abokin tafiyarsa shi ne shokozoba, wato bututun mai da ke kashe lilo bayan an taka rami. Idan an ƙara tsayi aka bar tsohon shokozoba, zai riƙa kai wa ƙarshen miƙewarsa yana bugawa, mai mota ya ɗora laifin a kan sabon sifirin, don haka a saye su tare, tsayinsu ya dace. Makaniki ya duba tiyon birki da wayar ABS ko suna da saki idan tayar ta rataya, ya duba sandar Panhard, wadda ke hana aksil zamewa gefe, tunda ɗagawa takan ja aksil ɗin ɗan kaɗan zuwa ɓangare guda. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul da ke auna nauyin baya ya ƙayyade ƙarfin birkin baya, idan ba a daidaita shi ba zai ɗauka motar ba kaya ko da an cika ta. A ɗaure kusoshin bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, bayan an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, a sake saita fitilu, kuma idan gaba ma ya gaji a duba shi, kada motar ta riƙa tafiya tana ruku'u.

Akwai dabarun gaggawa da ya wajaba a guje musu ko da wa ya ba da shawara. Gasa sifirin da wutar walda domin a miƙe shi yana kashe ƙarfin da aka ba ƙarfen a masana'anta, zai sake zama ko ya karye. Cusa yankin tsohuwar taya tsakanin naɗi kuwa yana rage yawan naɗin da ke aiki, motar ta ƙara tauri. Zoben ƙari da ake sakawa a saman sifirin halal ne idan sifirin yana da lafiya, domin yana ba da tsayi bai taɓa laushi ba, amma ba ya warkar da wanda ya gaji. Mai sayen na hannu a Sabon Gari, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya saye su biyu tare, ya jera su a ƙasa ya gwada, ya ƙirga naɗi, ya auna kauri, ya ƙi duk wanda tsatsa ta ci ta yi masa rami, ya kuma tambaya ko akwai na dama da na hagu, domin wasu kamfanoni sukan ɗan tsawaita ɗaya. Kada kuma ya ɗauka tauri shi ne nagarta, domin dattawan direbobin da har yau ke yabon Peugeot 504, wadda aka haɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, laushinta da doguwar tafiyar ƙafarta suke yabo, kuma wagon ɗinta tana ɗaukar kaya ne da koyil huɗu a baya, biyu a kowane gefe.

Kafin a kashe ko sisi, a je wurin mai faci a rage iskar taya zuwa abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin mota, domin sau da yawa taurin da ake kuka da shi daga can yake. Daga nan a tsayar da motar a wuri mai daidai, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin mota a kowace taya, a rubuta, a sake aunawa bayan aiki, a kuma maimaita bayan mako biyu idan sabon sifirin ya zauna. Gwajin ƙarshe a yi shi da mutanen da suka saba zama a baya, a hanyar da aka saba bi, maigida ya ba ƙaninsa tuƙi shi ya koma baya ya zauna tare da su, kuma kada a sayar da tsofaffin sifirin ga 'yan gwangwan sai an yi wata guda babu wanda ya nemi a samo masa Keke Napep.