Taliya Mai Ciki da Waɗanda Suka Ci Ta

Tun ranar da likita ya ɗaura mini ƙyallen nan mai kumbura a damtse, ya dubi ma'auninsa, ya dube ni, sa'an nan ya ce tansiyona ya hau, watau hawan jini, kuma lalle in rage mai da gishiri idan ina da sha'awar ganin auren jikokina, gidana ya koma wata makaranta, wadda na karanci halayen 'yan Adam a cikinta fiye da abin da na karanta cikin shekaru talatin na zaman kasuwar Dakoro. Dalili kuwa, a wurinmu mai shi ne harshen da uwargida ke gaya wa baƙo cewa an san darajarsa, har idan aka ajiye maka kwano ka hangi fuskarka a saman miya, to, ka tabbata ana sonka a gidan. Garin da Faransawa suka kafa bariki a cikinsa a 1947, a kan iyakar manoma da makiyaya, inda man gyadar Maradi ke haurowa daga kudu, man shanun Fulanin fadamar Tarka ke gangarowa daga arewa, su gamu a tukunya guda, ba garin da mai wa'azin rage mai zai shiga ya fita da rawaninsa daidai ba ne.

Abincin da ya jawo fitinar kuwa, 'yata ta biyu ce ta zo da shi daga Yamai. Asalinsa na mutanen Italiya ne, suna kiransa kaneloni, suna cusa masa nama, ko alayyafo da wani farin cuku mai taushi, su gasa a tanderu. Ita kuwa da injin taliyarta na hannu take yi, wanda ake ɗaurewa a gefen benci ana juya marikinsa. Sai dai takan tsaya a kan falle, ba ta kai shi ga haƙoran da ke yanka shi zare-zare, ta yayyanka shi faɗin tafin hannu, ta tsoma a tafasasshen ruwa, ta zuba abin ciki, ta naɗe kamar tabarmar almajiri, ta jera a tukunya, ta kwarara miyar tumatir da albasar Galmi, ta rufe, garwashi a ƙasa, garwashi a kan marfi, har sama ta yi ja. Yara ne suka raɗa masa suna taliya mai ciki. Da aka fara yinsa da sallar layya, da niƙaƙƙen naman rago da kitsensa da man shanu ludayi biyu, ban ji wanda ya ta da wata mas'ala ba, ijma'i aka yi a kan daɗinsa. Sai bayan hukuncin likita, da yarinya ta musanya nama da zogale da marmasasshiyar awara, ta daka cukun Bermo kaɗan ta barbaɗa, ta mai da ludayi biyu cokali biyu na man gyada, dunƙulen magi huɗu ya koma ɗaya, sannan kowa ya fito da launinsa.

Wadda ta cancanci a fara da ita, don shekaru da don girma, ita ce mahaifiyata. Inna ba ta yi gardama ba, domin gardama aikin wanda bai da iko ne. Ta dai ɗaga guda ɗaya zuwa hasken fitila, ta jujjuya shi, ta shafa yatsa a gindin kwano ta ga yatsa ya fito a bushe kamar yadda ya shiga, sa'an nan ta tambayi jikarta da murya mai sanyi, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya rasu ba a gaya mini ba?" Irin Inna suna da yawa a Dakoro, kuma wanda ya yi musu dariya bai san tarihi ba, gama su ne suka ga yunwar 1984 da ake kira El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, suka ga shanu na faɗuwa a hanyar rijiya, suka dafa ganye don babu wani abin dafawa, saboda haka a idonsu wanda ya ci ganye alhali akwai hatsi a rumbunsa da rago a turkensa, ko dai butulci ya yi wa Ubangiji, ko kuwa an yi masa sammu. Ba ta yarda akwai ciwon da ƙiba ke kawowa ba, ita dai ta san ciwon da rama ke kawowa. Tana da ɗan tandu na man shanu a haɓar zaninta, kuma duk sa'ad da jikarta ta juya baya ɗebo ruwa, sai in ga hannu ya miƙo ta gefen kafaɗata cikin hanzarin da ban san ya rage mata ba, ya ɗiga a kwanona, ya koma. In na ce, "Inna, likita fa ya hana," sai ta ce, "Likitan shi ya haife ka?" Ban sami amsar wannan tambaya ba har yau.

A ƙofar gida, inda mu maza muke ciyayya bayan sallar isha'i, kowa da kwanon gidansa, nan aka yi babbar shari'a. Mai fatawa ne ya buɗe zaman. Wannan bawan Allah, wanda ya sauke Risala tun yana saurayi kuma bai yarda a sa loma a baki ba a san hukuncinta ba, ya dubi naɗaɗɗun nan a jere, ya gyara zama, ya ce shi abin da ya dame shi garari ne, domin a babin ciniki an hana sayar da ɗan da ke cikin dabba, tun da ba a san ko mene ne ba, ga shi kuwa wannan abinci, da bakin masu gidan, mai ciki ne. Aka yi tsit. Sai wani tela da ba a san shi da karatu ba ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba sayar maka aka yi ba, kyauta ce, kuma mun ji a mazhabar Imamu Malik ana yafe garari a cikin kyauta." Malam ya yi murmushin wanda aka buɗe wa ƙofar da yake so a buɗe, ya ce haƙiƙa haka nassin yake, ya naɗe hannun riga. Daga nan ya shiga sharhin hadisin da ya raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ya yaba wa yarinya da raya sunna, yana sharhi yana ɗauka, har na ƙirga bakwai. Na fahimci cewa sulusin mutane ba ɗaya ba ne, akwai wanda sulusinsa ya kai faɗin fadamar Tarka.

Kusa da shi akwai wanda na sa wa suna ɗan duwan a zuciyata, don aikinsa bai bambanta da na ma'aikatan kwastan na Ɗan Isa ba, a hanyar Maradi zuwa Jibiya. Ba ya cin naɗi sai ya kwance shi. Yakan baje shi a tafin hannu, ya tona zogale da ɗan yatsa, ya ture awara gefe, yana neman naman da zuciyarsa ta ƙi yarda babu shi. In bai samu ba ya ajiye, ya kama na gaba, da zaton an ɓoye ne a can, har ya bar gefen kwano kamar kayan fataken da aka zazzage a bakin hanya. Da ya ƙare bincike sai ya cinye abin da ya kama duka, yana cewa ba laifi.

Shi kuwa ɗan ci-rani, wanda ya yi shekara biyu yana aikin gini a Sabha ta ƙasar Libiya, tun daga ranar da ya dawo ya zama muftin duk abin da aka yi da garin alkama. Ya sanar da mu cewa Italiyawa sun shiga Libiya a 1911, wannan kuwa gaskiya ne, suka bar musu cin makaroni, shi ma gaskiya ne, sa'an nan ya rantse cewa sunan taliya ma daga Italiya aka gutsuro shi, kuma shi ya ci wadda Larabawan can ke kira imbakbaka a hannun waɗanda suka gaje ta, saboda haka yana da isnadi. A ganinsa naɗin ya yi kauri, wutar ta yi yawa, tumatir ya yi kaɗan. Ban taɓa ganin ya hura wuta ba, ko ta shayi.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki, kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne masoyin da abincin ya samu ba tare da ya nema ba. Wani dattijo ne maƙwabcina, mai shanu a hannun Fulani da hatsin shekara uku a rumbu, wanda yake sa alama da gawayi a jikin kwalbar man gidansa don ya san inda aka tsaya jiya. Shekara da shekaru mutanen gari suna kiran halinsa da sunansa na gaskiya, shi kuwa yana kiransa ƙana'a, ba mai karɓa. Da ya ɗanɗana taliya mai ciki, ya ji cokali biyu ne kawai a tukunya guda, ya kuma ji cewa likita ne ya yi umurni, sai na ga fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa bushara. Ya tambayi adadin gishiri, na gaya masa abin da 'yata ta gaya mini, cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokali guda. Ya sa aka maimaita masa sau biyu don ya hardace. Kashegari ya tara iyalinsa ya karanta musu dokar kiwon lafiya, wadda ta haɗa har da sukari da sabulu da kananzir. Tun daga ranar matansa biyu, waɗanda ba su taɓa haɗa baki a kan kome ba, suka haɗa baki suka daina amsa gaisuwata.

Akwai kuma mai cewa tun da abincin marar nauyi ne sai a ninka, ya ci rabon mutum uku, ya tashi da kyar yana dafa bango yana yabon sauƙinsa. Akwai abokina Buzu, mai kawo mana cukun, wanda ya ci biyu cikin ladabi ta ƙarƙashin rawani, ya ce madalla da abincin da ba ya wahal da jiki, sa'an nan ya jawo butarsa ya dafa mana shayi zagaye uku, da sukarin da zai ishi kunun suna.

A cikin gida kuma wata gwaggon yara ta zo takanas koyon girkin. Ta zauna ta kalli kome, ta yi tambayoyi masu ma'ana, ta tafi. Bayan kwana uku ta aiko da nata a kwanon sha da marfi, da saƙon cewa ta bi duk abin da aka nuna mata harafi da harafi, illa dai ta ga awara ba ta da armashi ta sa nama, ta ga zogale ya yi duhu ta rage shi, ta ga garwashi a kan marfi wahala ne ta soya a kasko, da ta sauke kuma ta ga ya bushe ta ɗan yayyafa man shanu. Takardar da aka shimfiɗa a ƙarƙashi ta jiƙe har ana iya karanta abin da ke bayanta. Inna ta ci, ta sa albarka, ta ce yanzu ne aka gane girkin.

Saura mutum guda, wanda adalci ya wajabta in ambata, ko da yake na so in tsallake shi. Shi ne wanda aka yi duk wannan wahala dominsa, mai zama a gaban kwano da fuskar zuhudu, yana gaya wa baƙi cewa shi yanzu ya saba, har ma man ne ke hawa masa kai, yana yi wa 'yarsa addu'ar samun miji nagari. Idan dare ya raba, gida ya yi shiru, sai ya tuna akwai wata magana da bai ƙarasa da wani ba a bakin tasha, ya saɓa riga ya fita ta ƙofar baya, ƙafarsa kuwa ta san hanyar mai balangu ko babu fitila. A daren da nake ba da labari, da na isa, sai na tarar da ɗan duwan a kan benci ya sami abin da yake nema, ga Malam a gefensa yana cika sulusi na biyu, ga dattijon gawayi a tsaye nesa kaɗan yana jiran wanda zai ce masa bisimilla. Ba wanda ya dubi idon wani. Na matsa na ce a yanka mini na jikka guda, a haɗa da ɗan kitse-kitse. Mahaucin ya goge wuƙarsa a ƙyalle, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ɗiyarka ta biyo nan da la'asar. Ta ce in ka zo in ba ka tsoka zalla yanka uku, ba gishiri, ta ma riga ta biya." Ya naɗe mini a takarda, na karɓa, dattijon gawayi ya matso ya zauna kusa da ni.