Fara Nawa Ka Ci, Ƙafa Nawa Ka Ƙirga?

Da zarar jarrabawar WAEC ta ƙarato, gidajenmu sai su rikice. Uwa ta yi sadakar ƙosai, uba ya aika a karɓo rubutu, babban wa kuma ya shigo da labari cikin raɗa: abokinsa ya san wani da ya ga jerin abubuwan da za a kawo a firaktikal ɗin bayoloji. "Kwaɗo ne da kyankyaso, magana ta ƙare." Haka ɗan ƙanwata ya kwana yana haddar sassan jikin kwaɗo kamar mai biya allo. Gari ya waye, aka ajiye masa fara a kan tebur.

Fara fa! Wadda yake sayen ta naira ɗari biyu kullum a bakin makaranta, har ya roƙi ƙarin yaji. Aka tambayi ƙafafunta nawa, ya rubuta huɗu. Da na tuhume shi, cewa ya yi, "Kawu, wallahi wadda muke ci an fige ta, ban taɓa ganin ta da ƙafa ba." Shida ne, duk a ƙirji suke, kamar na kowane ƙwaro. Ga ta nan gabansa, matacciya, ba inda za ta. Ƙirgawa kawai ake nema. Amma yaron ya saba amsa daga bayan littafi take fitowa, ko daga aljihun na kusa, bai san ido ma yana kawo maki ba.

Sai zane. Nan ya tuna shi gwani ne. Ya yi wa farar inuwa, ya yi mata gashin ido, ya shuka mata ciyawa a ƙasa don kada ta ji yunwa. Mai maki kuwa bai zo kallon ado ba. Fensir mai tsini yake so, layi ɗaya tas babu karce, sunan kowane sashe a ja masa layi da rula, layukan kada su hau juna, a rubuta sunan abin da aka zana da yawan ninkin girmansa. Maki ne a zube kamar gyaɗa a bakin kasuwa, yaro ya tsallake.

A tambayar gado kuwa ban ga laifinsa sosai ba, don a gida ya tarar. Tun 1866 masanin kimiyya Mendel ya buga abin da ya gano game da gado a lambun wakensa, amma har yau bai iso tsakar gidanmu ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki, ba kowane gida ba. Amma na ji wani dattijo a zaure yana lissafi da yatsu: "Uku na farko lafiya lau ne, na huɗun kaɗai za a lallaɓa." Kai ka ce layin awo ne.

Sakamako ya fito, gida ya yanke hukunci: mai maki ne ba ya son mu. Uwar ta ce baki ne.

Jiya na same shi da ƙullin fara, na zaro ɗaya wadda ta tsira da ƙafafunta, na ce, "To, nawa?"

Bai ko kalle ta ba. "Kawu, yanzu ta ɗari uku ce."