Ran Da Baƙuwa Ta Ce Ba Ta Ga Faifai Ba

Kwamfutar da VirtualBox ko VMware ke kafawa a cikin wata kwamfutar baƙuwa ce a gidan mai masauki, abin da aka miƙa mata kaɗai take gani. Ran da ta ce ba ta ga injin faifai ba, ran nan ake sanin halin mutane.

Ga Sarkin Kashe-Kunna. Ya kashe baƙuwa ya kunna, ya kashe mai masauki ya kunna, in abu ya ƙi sai ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Ƙaninsa kuwa Mai Huci ne: ya zaro faifai, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya ɗaga shi yana harara. Faifai dai lafiyarsa ƙalau.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Gwani Na-Gani-A-Intanet. Ya karanta cewa in Windows ta nuna lamba 39, sai a shiga rajista a goge UpperFilters da LowerFilters. Magani ne na gaske, amma na wata cuta daban. Shi kuwa bai ga lambar ba, bai ma duba ba, ya dai goge, har da maƙwabtansu don kada su ji haushi. Alhali da ya leƙa saitin ma'aji na VirtualBox, da ya tarar faifan Guest Additions na zaune a gurbin tun bara, ba wanda ya ce masa tashi.

Akwai Alhaji Sai-Ta-Gani, mai Hyper-V. An faɗa masa injin ƙarni na 2 ba ya karɓar faifan hannu, sai fayil ɗin ISO. Ya ce: “Yaro, da kuɗina na sayi faifan nan.”

Mutumin Linux ya san amsa sarai: a duba /dev/sr0, a saka ka a rukunin cdrom. Sai dai kafin ya furta, sai ka sha wa'azi kan laifin Windows har la'asar.

Shi kuwa Malam Shiru ya bi saiti ɗaya bayan ɗaya, ya canza IDE zuwa SATA, ya sake dawowa, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Can wata ɗaliba ta juya laftof ɗinsa, ta shafa gefensa na dama, ta shafa na hagu.

“Malam, ina ake saka faifan?”

Siririn laftof ne, irin yayin da MacBook Air ya buɗe a 2008. Ko tsaga babu.