Katifa a Jikin Bango

Amsa-kuwwa, wato sautin da ke dukan bango ya dawo wa makirufo a makare, ita ce ke ɓata wa mawaƙi aiki a ɗakin da babu kaya, kuma maganinta mafi araha shi ne a jingina katifa a kusurwa, inda sauti mai kauri yake taruwa, a rataya barguna nesa kaɗan da bango, ba tare da an buga ƙusar da za ta harzuƙa mai gidan haya ba. Kwalin ƙwai kuwa, idan aka manna shi a bango don rage amsa-kuwwa, ya yi siriri da yawa, kyankyasai kaɗai ke cin moriyarsa. Wannan shiri ba ya tare ƙarar waje, shi ya sa janareton maƙwabci yake shiga kowane baiti kyauta.