Bulon Roba Da Masu Sayensa A Agege

Ba a koya wa mutumin Agege ciniki. Goro ne ya kawo kakanninsa Kurmi, jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911 ya riƙa ɗaukar musu huhuna zuwa Arewa, jikoki kuma yau su ne a kan shanu a Oko-Oba, su ne a kan canji, su ne a kan albasa da tumatir. Mutum ne da zai hango sa daga nesa ya faɗa maka kuɗinsa, ka je ka taya ka tarar bai kauce ba. Amma akwai hajar da ta rikita lissafin kowa tun daga Zango har Isale Oja, wato ɗan kwalin nan na bulon roba da yara ke harhaɗawa su tayar da gida ko mota ko jirgi, musamman wanda aka manna wa hoton jarumin fim.

Uban tafiyar shi ne kamfanin Lego na ƙasar Danmak. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa shi a garin Billund a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. Bulon da muka sani, mai ƙusoshi a sama da rami a ƙasa, a 1958 aka yi masa rajista. Shekara da shekaru kamfanin na sayar da gidaje da motoci da jiragen ƙirarsa, sai ya ƙulla yarjejeniya da masu fim ɗin Star Wars, ya fara fitar da kayansu a 1999. Daga nan ƙofa ta buɗe, su Harry Potter da Spider-Man da Batman suka shigo. Duk jarumin da ka gani a jikin kwali yana da ubangida da ke jiran kasonsa. Kamfanin Disney ya biya kusan dala biliyan 4 a 2012 kafin ya mallaki Star Wars, kuma ba don neman lada ya biya ba. To, robar nan ta ci kuɗinta, ko ƙwarar mutane ake yi? Jefa tambayar a majalisa bayan isha'i, ka sha kallon halin mutane.

Wanda zai fara amsawa shi ne Alhaji mai lissafi. Shi ba ya jin farashi da naira, sai an mayar masa da shi buhun shinkafa ko ragon layya ko bulon siminti. Ɗan ƙaninsa ya nuna masa a waya wani jirgin Star Wars da aka fitar a 2017 a kan dala 800, ƙwaya 7,541. Alhaji ya gyara tabarau ya danna kalkuleta. A canjin da aka gani a 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, abin ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, albashin wata 14 ke nan na ƙaramin ma'aikacin gwamnatin Legas mai ɗaukar dubu 85.

"Yana tashi?"

"A'a, Baba."

"Ana shiga ciki?"

"A'a."

"To wa zai haɗa shi?"

"Ai kai za ka haɗa da kanka, Baba. Daɗin ke nan."

Alhaji ya yi shiru, ya ɓare goro. "Wato ni na biya, kuma ni ne lebura. Ko magini idan na biya shi ginin yake yi, ba ya sauke mini bulo ya tafi gida ba."

Ba a ja da wannan magana. Sai dai rabin fushin Alhaji ba na Turawan Danmak ba ne. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kwalin bai ƙara ƙwaya ko ɗaya ba, kuɗinmu ne ya rame.

Kishiyar Alhaji shi ne mai orijina. Ba ya sayen komai a bakin titi, sai ya ɗauki tasi zuwa manyan kantunan Ikeja, ya dawo da leda mai tambari yana riƙe da ita ta ɓangaren da rubutun zai fuskanci jama'a. Takensa ɗaya ne: sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kuma ya haddace hujjojinsa. Zai gaya maka cewa bulon da aka zuba a 1958 har yau yana kama wanda aka zuba bana, cewa robar ba ta saurin tsagewa, cewa da wuya ka buɗe kwali ka tarar ƙwaya ta ɓace. Duk gaskiya ne. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne inda kayan suke kwana. Ana gama haɗawa sai a ɗaga a saka cikin kabad ɗin gilashi na falo, tsakanin tangaran ɗin Hajiya da butar zamzam, a murɗa makulli. Takardar farashi tana nan a jikin kwali, an jingine shi a baya yadda baƙo zai iya karantawa daga kan kujera. Yaron da aka saya dominsa yana tsaye ya manna hanci a gilashi, uban kuwa yana cewa, "Halifa, kar ka taɓa, naka ne."

Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi nisa a hanyar, ɗan canji mai hangen riba. Ya ji labarin wani bincike da aka yi a wata jami'a a birnin Mosko, wanda ya nuna cewa kwalayen Lego da aka daina bugawa sun riƙa ƙara daraja da kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara tsakanin 1987 da 2015. Daga nan ya daina ganin abin wasa, ya koma ganin jari. Ya sayi kwali biyu, ya naɗe a leda, ya ɗora a saman wadirob da sharaɗin kada kowa ya buɗe, don darajar tana ga kwalin da ba a taɓa ba. Masu binciken dai ba su san daminar Ikko ba. Ba su san raɓar da ke sa takalmi ya yi furfura a cikin mako guda ba, balle kyankyasai da ɓeran Agege, waɗanda ba su bambanta kwalin Batman da na taliya. Ko an tsira daga waɗannan, saura mai saye. Wanda zai biya ninki biyu a kan tsohon kwalin roba yana Jamus ko Amurka, ba ya hawa danfo. Ranar da ya sauko da dukiyarsa don ya duba, sai ya ji kwali ɗaya ya yi sakayau. An yanka shi ta ƙasa da reza, an zare jarumin, an liƙe da salatef. Har yau ba a gano ɓarawon ba, amma an ga Batman a Islamiyya.

Yanzu mu sauko ƙasa, wajen gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, inda ɗan tebur ya baje hajarsa. Kwalayensa sun fi na kanti ƙyalli, jarumansa sun fi yawa, kuɗinsa kuwa bai kai na sufurin zuwa Ikeja da dawowa da cin abinci a can ba. Daga Idumota ya saro, su kuma daga jirgin ruwa, asalin tafiyar kuwa galibi birnin Shantou ne na ƙasar Sin, inda masana'antun kayan wasa suka yi cincirindo.

"Orijina ne?"

"Yallaɓai, duk kamfani ɗaya ne. Kwalin ne kawai daban."

Ƙarya yake yi, amma ƙaryar tana da ɗan gindi. Wa'adin kariyar da doka ta ba ƙirar bulon ya daɗe da ƙarewa, kuma a 2010 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce siffar bulon ba za ta zama tambarin kamfani ɗaya ba. Kowa na iya zuba bulo mai kama na Lego. Abin da ba a yarda ba shi ne ka kwafe tsarin wani da kwalinsa da jarumansa. Wani kamfani mai suna Lepin ya yi hakan har ya yi suna, 'yan sandan Sin suka dira masa a 2019 suka kwashe kaya na kusan dala miliyan 30, aka ɗaure shugabansa. Ɗan tebur bai taɓa jin wannan labari ba, kuma ko ya ji ba zai hana shi barci ba.

Abokin cinikinsa shi ne mai son banza. Ya taya rabi, aka ce albarka, ya juya zai tafi, aka kira shi aka sallama. Ya iso gida yana jin ya ci kasuwa. Da aka zazzage ledar sai wasa ya fara: wani bulon ya ƙi kamawa, wani ya kama ya ƙi saki har sai an sa haƙori, tayar mota uku ce, Spider-Man kuma ido ɗaya yana kallon Dopemu ɗaya yana kallon Iyana Ipaja. Washegari ya koma da ƙorafi, ɗan tebur ya dube shi da ladabi ya ce, "Yallaɓai, ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Don adalci, ba duk na Sin ne haka ba. Akwai kamfanoninsu da yanzu suke zuba bulo mai kyau da tsarin kansu. Amma irin waɗannan ba su cika sauka a kan tebur ba.

Mai fatawar farashi ba ya ɗaukar lokaci. Ya shiga kanti da fara'a, ya ɗauki kwali yana yabawa, ya juya bayansa ya ga kuɗi, nan take ya tuna cewa akwai magana a kan mutum-mutumi. "Anya ma ya halatta?" Idan aka tuna masa cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, kuma malamai da yawa sun sassauta a kan kayan wasan yara, sai ya canza layi ya ce to ai almubazzaranci ne. A nan kam ƙafarsa ta taka ƙasa. Sai dai wayar da ke hannunsa ita ce ta uku a bana.

Sai Kawu, wanda kowace magana tasa da "a zamaninmu" take farawa. Kawu ya cancanci a saurare shi, don shi injiniya ne na gaske tun kafin ya iya karatun allo. Bayan girbi za su tara karan dawa, a fere ɓawon a yi tsinke da shi, a yanka taushin ciki gunduwa-gunduwa, a soka wannan cikin wancan har a tayar da babbar mota mai bodi da tsani da mazaunin yaron mota. Waɗanda suka ƙware su koma langa-langa da gwangwanin madara, a yanko taya daga tsohon silifas, a sa doguwar waya a yi sitiyari a riƙa tuƙawa a tsaye. Babu littafin bayani, babu lasisi, babu kwabo. Kawu zai kai ka har nan, ya rufe da cewa yaran yanzu an kashe musu basira. Ka ce masa to ya ƙera wa jikansa guda ɗaya. Sai ya waiga ya ga babu kara a Agege sai na rake da aka tauna. Bayan la'asar kuwa ka leƙa tsakar gida, za ka same shi a kan tabarma ya miƙe ƙafa, bulon jikan nan duk yana gabansa, yana cewa, "Kawo nan, ba haka ake yi ba." Jikan yana gefe yana kuka.

Wadda ta fi su duka wayo ba ta zuwa majalisa. Ita ce Hajiya 'yar Katangowa. Takan yi sammako zuwa kasuwar gwanjon nan ta wajen Abule Egba, ta wuce masu riguna da masu takalma, ta tsuguna inda ake kwance dilar kayan wasa. Cikin 'yan tsana marasa hannu da motoci marasa taya take tono ledar bulo, ta ɗaga ƙwaya ɗaya ta duba sunan kamfani da ke rubuce a kan kowace ƙusa, sannan ta ɓata fuska kamar ba ta so.

"Haba ɗan nan, abin da 'ya'yan Turawa suka zubar za ka tsuga mini wannan kuɗi?"

A gida ta jiƙa su a baho da omo, ta ɗauraye, ta shanya a faranti. Abin da ke fitowa ba shi da kwali, ba shi da littafi, ba wanda ya san ko asalinsa jirgi ne ko ofishin 'yan sanda. Kan Harry Potter yana kan gangar jikin ɗan kwana-kwana. Da wannan tarkace 'ya'yanta ke gina danfo mai launin ɗorawa, da masallaci mai hasumiya, da shagon mai shayi har da benci. Gobe su rushe su sake wani. Sai dai ita ma tana biyan nata harajin. Duk wadda ta taɓa fitowa alwalar asuba babu wuta, ta taka bulo guda da tafin ƙafa, ta san ingancin robar Danmak fiye da mai orijina. Ranar kowa a gidan zai ji cewa yau za a kira baban bola ya kwashe su. Ba a taɓa kiransa ba.

Shi kuma mai gayya mai aiki, yaron, ba ruwansa da Billund ko Shantou. Amma kada a ce bai san suna ba. Ya san Spider-Man tun kafin ya san sunan kakansa, kuma shi ne zai zube a tsakiyar kanti yana birgima har sai an ɗauko wancan kwalin, ba na kusa da shi mai bulo zalla ba. Wannan kukan shi ne ainihin hajar da masu lasisi ke sayarwa. Ya haɗa sau ɗaya yadda littafi ya ce, ya nuna wa kowa, kwana biyu ya rushe. Jarumin ya shiga aljihu, daga aljihu ya tafi musaya da alewa. Sauran ya zama bulo kamar kowane bulo.

Ni dai a wurina bulon gaske ya ci kuɗinsa, don yana iya ratsa 'ya'ya biyar ya isa jika. Kwalin bulo zalla mai ƙwaya 790 wajen dala 60 yake a ƙasar waje, kuma ya fi jirgin dala 800 daɗewa a hannun yaro. Hoton jarumi kuwa ƙwara ce, sai ga wanda ya san kansa yake saya wa. Mai son bin sawun Hajiya ya yi sammako, don kafin hantsi 'yan sari sun tsince masu kyau. Idan kuma akwai mai rarrafe a gidan, a ware ƙananan ƙwayoyin a ɓoye har ya wuce shekara uku, don baki yake kai su.